Filin harbi na mita 10 a Garwa: kundin aiki daga hunturu zuwa azumi

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Aikin da aka sa a gaba shi ne a mayar da wani tsohon sito mai tsawon mita 13 wurin atisayen harbi da ƙaramar bindigar iska, irin wadda ake gasa da ita a nisan mita 10, sannan a gyara bindigar har ta kai inda in harbi ya kauce za a san daga hannu ne, ba daga ƙarfe ba.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai masu gasar ƙaramar bindiga kan ɗura harsashinsu da kansu a gida. A nan wannan ƙofa a rufe take. Dokar makamai ta Kamaru mai lamba 2016/015, ta 14 ga Disamba 2016, ta sa ƙera makami da harsashi a ƙarƙashin izinin hukuma, kuma da halin tsaron da yankin Arewa Mai Nisa na ƙasar ke ciki babu mai hankalin da zai taɓa wannan. Bindigar iska ba ta aiki da albarushi, ƙwayar dalma ce mai kaurin milimita 4.5 da iska matsattsiya ke turawa. Abin da ya rage mana na harsashi shi ne zaɓen dalma da tantance ta, kuma shi ma aiki ne mai zaman kansa. Duk da haka takardun bindigar suna cikin akwatinta kullum. Wanda zai fara, ya fara da tambayar hukumar yankinsa kafin ya kashe ko dala.

Ƙa'idojin da za a bi na hukumar harbi ta duniya ne, ISSF. Bindiga ba ta wuce giram 1,500, kunama ba ta sauka ƙasa da giram 500, kuma dole bindigar ta shige akwati mai milimita 420 a tsawo, 200 a faɗi, 50 a kauri. Harbi 60 ne, da hannu ɗaya, a tsaye. Wasan yana cikin gasar Olamfik tun ta birnin Seoul a 1988.

Kayan da ke hannu: bindiga ɗaya da aka saya a hannun wani, tukwanen iska biyu da ake ɗaura wa bindigar, masu ɗaukar bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), famfon hannu, ragowar dalma rabin gwangwani.

Talata, 7 ga Janairu

An yi awo. Daga layin tsayuwa zuwa fuskar takardar da ake harbi mita 10 cif, an ja layin da fenti a ƙasa. Tsakiyar takarda tana mita 1.40 daga daɓe, ƙa'ida ta yarda da santimita 5 sama ko ƙasa. Daɓen siton ya gangara wajen ƙofa da kusan santimita 4, don haka an ɗauki tsayin da tiyo mai ruwa irin na magina daga inda mai harbi ke tsayawa, ba daga gindin bango ba.

Mai walda ya haɗa matarar dalma: akwatin ƙarfe, faɗi santimita 30 kowane gefe, a ciki farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 a karkace rabin kwana, yadda dalma za ta buga ta zame ƙasa cikin aljihun da ake jawowa. A gaba an yi tsagi biyu da takarda mai santimita 17 ke shiga. Bayan akwatin an jingina katako mai laushi da tsohon kafet a kansa, saboda dalma kan dawo in ta bugi katako mai tauri ko taya. Kuɗin matara sefa 18,000. Tebur wajen kafinta, tsayi santimita 85, sefa 25,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Haske. Ƙa'ida na son aƙalla luks 1,500 (luks ma'aunin haske ne) a kan takarda, ɗakin kuma ya kasance da haske, kada mai harbi ya tsaya cikin duhu yana kallon wuri mai ƙyalli. An ɗaura fitilar LED biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa da matara, kowace da murfin kwano don kada ta haska ido. Da fitila ɗaya daga sama ƙasan takardar ba ya samun haske kamar samanta, daidai inda ake ɗora saiti. An auna da manhajar waya. Ba ma'auni ne na gaske ba, amma ya isa a gane cewa gefe da gefe sun yi daidai.

Saboda ɗaukewar wuta an haɗa fitilun da batirin mota mai bolt 12. An shafe bangon bayan matara da fenti ruwan ƙasa mai haske wanda ba ya sheƙi. Fitilu, waya da batir: sefa 47,000.

Laraba, 15 ga Janairu

Hazo ya yi kauri yau, ko gadar Binuwai ba a hangowa sosai. An toshe tagogin sito da leda da soso. Harbin wofi na minti 20, ba dalma.

Lahadi, 19 ga Janairu

Matsala ta farko babba: iska na zurarewa. An cika tukunya zuwa bar 200 da yamma, an ɗaura ta a bindiga, da safe allurar agogon tukunya na kan 150.

Kafin a kwance komai sai a san inda yoyon yake. An sake cika tukunyar, aka ajiye ta ita kaɗai ba a ɗaura ba. Ta kwana ba ta sauka ba sai ɗan abin da sanyin dare ke ragewa. Ke nan bawul ɗin tukunya lafiya yake. Aka ɗaura ta, aka shafa ruwan sabulu da tsinken auduga a mahaɗar, nan take ƙananan kumfa suka fara fitowa a gefe ɗaya. Zoben robar da ke bakin mahaɗa ne. Da aka ciro shi da tsinken sakace (ba a sa allura ko wuƙa a nan, ƙarzane ɗaya a mazaunin zoben ya isa ya zama yoyon dindindin) sai ga shi ya bushe, ya baje, ga tsaga a bayansa.

An samo mai girmansa a wajen masu gyaran firji. Girman ya yi, taurin bai yi ba. Zoben da ake samu a kasuwa yawanci mai taurin 70 ne, mai laushi, a matsin bar 200 kuma iska na cusa shi cikin ratar da ke tsakanin ƙarafa biyu ta gutsure gefensa. Wurin nan mai taurin 90 yake so. An sa na kasuwar don aiki ya ci gaba, an kuma aika a sayo na asali.

Wajen shafawa, man silikon kaɗai, ɗan abin da zai sa zoben sheƙi. Man inji, man keken ɗinki, gires na mota, duk wanda aka samo daga fetur, ba ya kusantar inda iska ke matse, domin yana iya kamawa da wuta a ciki.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari, kuma a garin nan kusa yake da kowa. Da mai walda ya ga ana fama da famfon hannu sai ya ce, "Alhaji, ka kawo in cika maka da tukunyata mana, minti ɗaya ne." Na ce, "Baba, na gode, amma taka iskar walda ce, wannan sai iskar da muke shaƙa." Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma tukunyar walda oksijin ce zalla, in ta haɗu da ɗigon mai a cikin bindiga a wannan matsi fashewa ake yi, a hannun mutum, kusa da fuskarsa. Ko ta asibiti haka take. Iskar famfo ko ta tukunyar masu nutso, shi ke nan.

An kuma duba shekarun da aka buga a jikin tukwanen. Ɗaya 2018, ɗaya 2013. Ƙa'ida ba ta yarda a yi gasa da tukunyar da ta haura shekara 10 ba, kuma ba don ado aka sa hakan ba, alminiyon yana gajiya da cikawa da saukewa. Ta 2013 an sauke iskarta gaba ɗaya an ajiye ta gefe. Ba a buɗe bawul ɗin tukunya a gida.

Alhamis, 23 ga Janairu

Yadda ake cikawa yanzu. A goge zaren tukunya da na famfo, a ɗaura da hannu ba da sifana ba. A rufe sukurun sakin iska. A buga 20 zuwa 25 a hankali, ana kai famfon har ƙasa ana ɗan dakatawa, sannan a huta minti biyar famfon ya huce. Wanda ya yi ta bugawa ba hutu zai ƙona robobin famfo, ga shi iska mai zafi yake turawa, in ta huce allura ta sauka da bar 10 ko fiye. A tsaya a 200. A buɗe sukurun sakin iska da sauri, lokaci ɗaya, domin wannan fitar ce ke kwashe danshin da ya taru a gindin famfo. Ba a leƙa agogon tukunya fuska da fuska yayin cikawa, daga gefe ake kallo.

Hunturu na da amfaninsa a nan. Iskar watannin nan a bushe take ƙwarai, ruwan da ke shiga tukunya kaɗan ne. Damina ce abin tsoro, lokacin ne ake buƙatar matatar danshi a bakin famfo. Abin da hunturu ke kawowa shi ne ƙura: sandar famfo na kama ta, ta zama kamar yashi a kan roba. Ana goge sandar kafin a fara, ana rufe famfon da buhu bayan an gama.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Saƙo ya iso daga Duwala, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, mota zuwa nan. A ciki: dalma gwangwani 6 masu ƙwaya 500 kowanne, a sefa 14,000 gwangwani, na'urar auna gudun dalma, 60,000, takardun gasa na asali, 20,000, sikeli mai auna kashi ɗaya cikin dubu na giram, 12,000, robobin bindiga na asali da man silikon, 10,500. Zoben kasuwar da aka sa ran 19 ga wata ya riga ya fara gutsurewa, an canza shi.

Dalmar gasa mai shafaffen kai ce, don ta yanke takarda da rami mai tsabta. Kamfanonin da aka fi sani su ne RWS da H&N na Jamus da JSB na ƙasar Cek. Nauyinta daga giram 0.45 zuwa 0.53 ne, a ƙasan gwangwani kuma ana rubuta kaurin kai, 4.48, 4.49, 4.50 ko 4.51, tare da lambar zubi. Lambar zubin nan ta fi sunan kamfani muhimmanci. Gwangwani biyu masu suna ɗaya da nauyi ɗaya, in zubinsu ya bambanta, suna iya bambanta a bututu ɗaya.

Huɗu na gwaji ne, an sa musu haruffa: A mai 0.45 da kai 4.49, B mai 0.45 da kai 4.50, C mai 0.50 da kai 4.49, D mai 0.53 da kai 4.50. Sauran biyun na atisaye ne masu araha.

Hanya ta taɓa su. Gwangwani D ya loɓa a gefe, da aka zazzage shi a kan tawul ƙwayoyi da dama leɓen gindinsu ya lanƙwashe. Gindin dalma siriri ne, shi iska ke buɗawa ya kama bututu. In ya loɓa iska na wucewa ta gefe ɗaya, dalma ta fita a karkace. An ware su ɗaya bayan ɗaya da tabarau mai ƙara girma. An auna ƙwaya 50 daga kowane gwangwani, bambancin nauyi bai wuce 0.004 na giram ba a A, B da C. A ganina auna dalmar gasa ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne ga mai harbin mita 10, duban gindi ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. An sa soso a saman kowane gwangwani don kada su riƙa karo da juna, an naɗe bakin da salatif. Dalmar da ta sha iska har ta yi fari-fari ba ta shiga gwaji.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwajin farko a matse bai ba da komai ba. An cire mariƙin katako, an kama ƙarfen da ke ƙarƙashinsa a bais, wato matsewar ƙarfe ta makanikai, da fata a kowane gefe, ba a kama bututu ko tukunya ba. An ɗaure bais ɗin a tebur. Harbi goma-goma daga kowane gwangwani, dukkansu suka bazu milimita 15 zuwa 20, yawanci hagu da dama. Dalma huɗu daban-daban ba za su lalace iri ɗaya ba, don haka ba su ba ne. Aka manna ƙaramar fitilar leza a jikin bais aka haska bango: duk lokacin da aka ɗaga hannun ɗuri ko aka taɓa kunama, ɗigon na motsawa ya dawo wani wuri dabam. Teburin ne ke rawa. Motsin da ido ba ya gani a nan, a mita 10 ya zama rabin santimita.

An sa magini ya ɗora ginshiƙin bulo cike da kankare, tsayi mita ɗaya, da noti huɗu a binne a samansa. Siminti, bulo da aiki sefa 9,000. Sai ya bushe.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kafin ginshiƙi ya bushe an koma kan gudu. Na'urar na nesa da bakin bindiga kusan rabin mita don kada hucin iska ya ruɗe ta. Fitilar da ke kan wutar gari na ƙyaftawa ta hana ta karatu, sai da aka koma ta batir.

Harbi 20 da dalma C: mafi ƙanƙanta mita 148 a daƙiƙa, mafi girma 161. Wannan rata ta yi yawa, bindigar gasa mai lafiya ba ta wuce mita 2 ko 3. A lissafi, dalmar da ke gudun 148 tana faɗuwa kusan milimita 22 kafin ta kai takarda, mai gudun 161 kusan 19. Bambancin ya haura milimita 3 sama da ƙasa, alhali da'irar 10 gaba ɗayanta milimita 11.5 ce.

Abu biyu ake zargi: mai daidaita iska, wanda ke sauke bar 200 na tukunya zuwa matsin da bindiga ke aiki da shi, ko robar da ke rufe bayan bututu inda ake sa dalma. An fara da mai sauƙi. An shimfiɗa siririn tishu a kan wurin ɗuri aka harba, tishun ya yi tsalle. Iska na fita ta baya. Robar ta sha matsa har ta daina cika wurinta. An canza ta da sabuwa daga cikin saƙon, an sake harbi 20: daga 155 zuwa 157. Tishu bai motsa ba. Mai daidaita iska ba a taɓa shi ba, ba kuma za a taɓa ba tunda lafiyarsa ƙalau.

Daga nan aka bi tukunya tun daga bar 200 har ƙasa. Gudu ya tsaya wuri ɗaya har wajen harbi na 140, allura na kusa da 70, sannan ya fara sauka da kowane harbi. Gasa na cin 60 da na gwajin saiti 15 zuwa 20, tukunya ɗaya ta isa har da saura, amma a shiga da ita cike. An manna jan salatif a agogon daidai bar 80.

Dalma mai giram 0.50 a gudun 156 ƙarfinta ya ɗan haura jul 6 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne). Kaɗan ne in an kwatanta da bindigar wuta, amma ya isa ya fasa ido. Tabarau dole ne ga duk wanda ke cikin ɗakin, kuma bindiga ba ta sauka a tebur sai da zaren roba mai launin lemo a zure daga bayan bututu har ya leƙo ta baki.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An maimaita gwaji a kan ginshiƙi. An wanke bututu tukuna, da zare da ƙyalle busasshe, ana ja daga baya zuwa baki, ba sandar ƙarfe, ba mai. Bayan wanki an harba 20 a banza, domin bututu sai ya sake ɗaukar ɗan shafin dalma kafin ya daidaita. Tsakanin gwangwani da gwangwani ma an harba biyar a banza.

Harbi 10 sau uku daga kowanne, ana auna ramin daga gefe zuwa gefe. A ya ba da milimita 8.5, B 7, C 6.5, D 9 duk da an tsince loɓaɓɓun. C ce ta bututun nan.

Sai dai a faɗi gaskiya game da girman abin. Ramin dalma ɗaya milimita 4.5 ne, kuma in gefen rami ya taɓa layi ana ba da makin sama, wato tsakiyar rami na iya nisan milimita 8 daga tsakiyar takarda a ci 10. Tsakanin C da A bambancin milimita ɗaya ne kowane gefe. Ga wanda ke neman 580 cikin 600 wannan maki ne, ga wanda ke 520 ba nan makinsa ke zubewa ba. Amfanin gwajin a wurinmu shi ne yanzu an san bindigar na iya zuba goma a rami ɗaya. An rubuta lambar zubin C an aika a nemo irinta, A da B sun koma atisaye.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kunama. An haɗa ma'aunin gwaji da gorar ruwa da ƙugiyar waya, aka daidaita a sikelin masu zinariya har gora da ruwa da ƙugiya suka zama giram 500 daidai. Ana ɗana bindiga ba dalma, a tsayar da bututu sama, a rataya ƙugiya a tsakiyar kunama, a ɗaga a hankali har gorar ta bar tebur. In kunama ta saki bindiga ta tashi, ta faɗi gwaji. Ta tashi. Da aka rage ruwa aka gano tana sakin a wajen 470. A gasa wannan ya isa a hana mutum harbi, ko a soke makinsa in an gano bayan an gama.

Kunamar mataki biyu ce: ja na farko mai laushi har a ji ta tsaya, sannan na biyu da ke sakin harbi. Kowanne da sukurunsa. An ƙara a na farko, kwata-kwatan juyi, ana rubuta kowane juyi don a iya komawa. Yanzu na farko na kusan 380, na biyu 150, jimla 530. Giram 30 ɗin nan na sama kariya ce, saboda zafi da sanyi na taɓa sifirin, sikelin alƙalin gasa kuma ba lallai ya yi daidai da namu ba. Sukurun da ke riƙe haƙoran kunama ba a taɓa shi ba. Wanda ya rage shi don neman laushi zai wayi gari bindiga na tashi da kanta in an rufe ta.

An kuma matsar da kunamar baya milimita 3, domin yatsa na turata gefe maimakon ya ja ta miƙe. Alamar hakan ita ce tsinin saitin gaba na karkata hagu a harbin wofi daidai lokacin saki.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mariƙi da saiti. An cike ramin tafin hannu da garin katako da gam mai haɗi biyu, sefa 3,500. An sa leda a hannu, an riƙe bindigar yadda ake harbi har ya fara kamawa, washegari aka goge da sanfefa. Ƙa'ida ta ce mariƙi kada ya taɓa wuyan hannu, don haka an rage bayan matashin ƙasa, wanda gefen tafin hannu ke zama a kai. Kafinta ya yi akwatin gwaji mai 420 da 200 da 50 a ciki, bindiga ta shiga, murfi ya rufu. Hannu na kumbura da zafi, matashin ƙasa zai buƙaci sassautawa nan gaba.

Tsakanin tsagar baya da tsinin gaba milimita 350 ne. Kuskuren 0.2 na milimita a jera su yana zama kusan milimita 6 a takarda, shi ya sa ido ke zama a kan tsinin gaba, baƙar da'irar tsakiyar takarda mai milimita 59.5 a bar ta ta yi dishi-dishi. An buɗa tsagar baya kaɗan don farin da ke gefen tsini ya fito sosai, ana ɗora saiti a farin da ke ƙasan baƙi.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ma ya shigo. Da rana siton na haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano. Atisaye ya koma bayan tarawi. Da yamma hannun mai azumi na rawa, ido na bushewa, abin da za a koya a lokacin bai kai dalmar da za a ɓata ba. Kafin la'asar harbin wofi kawai, minti 15.

Zafi na ƙara matsin tukunya. Wadda aka cika bar 200 a digiri 25, in ta kai 45 tana komawa kusan 213. A cikin mota rufaffiya a rana, inda ake iya kai digiri 65, ta doshi 227. Don haka yanzu in an cika da sanyin asuba ana tsayawa a 185, kuma akwatin bindiga ba ya zama a mota ko a bayan babur a rana.

Wani ya kawo tayin tsohuwar bindigar gasa mai aiki da iskar CO2, da araha. Ban ba da shawarar a saya ba. Wannan iska a ruwa take cikin tukunya, matsinta na bin zafi, kusan bar 57 a digiri 20, fiye da 70 a digiri 30, daga digiri 31 kuma ba ta zama ruwa sam. A Garwa daga Maris zuwa Mayu gudun dalma zai riƙa yawo, wani lokaci bawul ya ƙi buɗewa. In kuɗi ne matsala, gara mai ɗuri da hannu bugu ɗaya, irin IZH-46M ta Rasha, ba ta neman tukunya ko famfo.

An sake auna kunama cikin zafin: ta ɗauki 500, ta saki a 525.

Asabar, 15 ga Maris

Gwajin gasa cikakke da dare. Minti 15 na shiri da gwajin saiti, sannan harbi 60 cikin minti 90, wanda shi ne lokacin takarda; a allon lantarki minti 75 ne. Dalma C, harbi ɗaya a kowace takarda don ƙirga ya fita sarai. Goma-goma: 87, 90, 91, 89, 86, 88, jimla 531. Don a san nisan tafiya, Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci 594 a 2009. Harbin da suka fita zuwa 7 da 8 yawancinsu ƙasa da hagu suke, kuma sun taru a goma ta biyar, inda aka riƙa daɗewa a saiti fiye da daƙiƙa 10. Tukunya ta tashi daga 190 ta tsaya a 120, gudu a ƙarshe 156.

An kwashe aljihun matara. An yayyafa ruwa kafin a taɓa, an sa safar hannu, an zuba dalmar a galan mai murfi, an goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Ba a share wurin nan da tsintsiya a bushe. Abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ya isa kowa ya san ƙurarta ba abin wasa ba ce. Yara ba sa shiga siton, ba a buɗa-baki a ciki, ana wanke hannu da sabulu kafin a taɓa dabino ko ruwa.

Abin da aka kashe zuwa yau, ban da bindiga da famfo: sefa 289,000, kusan yuro 440.

Na gaba: sabuwar tukunya ta maye ta 2013, matatar danshi a bakin famfo da buhunan silika a akwatin bindiga kafin ruwan farko, rufin ciki na tabarma a ƙarƙashin kwano don rage zafi, gwangwani 10 na zubin C in an samu, in ba a samu ba a sake gwajin ginshiƙi da sabon zubi. Bayan salla za a koma atisayen safe, sati biyu na farko a kan farar takarda ba baƙi, ana sauke hannu duk lokacin da saiti ya wuce daƙiƙa 8 ba a saki ba.